Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsaunuka da Bakin Teku: Jagora Mataki-Mataki Ga Mai Tasowa Daga Kaduna

Tambaya guda ce masu karatu suka yi ta maimaitawa, musamman matasan da ke ɗaukar hoton biki da suna a cikin garin Kaduna. Mutum ya je gindin tsauni ko bakin teku, idonsa ya ga abin al'ajabi, ya danna. Da ya koma masauki ya buɗe hoton, sai ya tarar tsaunin ya koma kamar shuri, sama ta yi fari fat, teku kuma ya karkace kamar zai tuttule ta gefe guda. Tambayar ita ce: me ya jawo haka? Galibi laifin ba na kyamara ba ne. Lokacin da aka je da wurin da aka tsaya su ne suka ɓata aikin tun kafin a taɓa maɓalli. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Zaɓi wurin da ya dace da hoton da kake so

A san wannan tun kafin a kashe kuɗin mota: gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, shimfiɗaɗɗiya ce. Rairayi ne da fadamu da dazukan bakin ruwa. Wanda ya tafi Legas neman tsaunin da ya tsaya cak a kan teku zai dawo da takaici. Abin da Legas ke bayarwa daban ne: igiyar ruwa mai ƙarfi, kwalekwalen masunta, itatuwan kwakwa a Badagiri, da dogayen jerin duwatsun da aka zuba don tare ruwa a mashigar tashar jiragen ruwa kusa da Tarkwa Bay, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa. A Akwa Ibom akwai doguwar gaɓar Ibeno.

Mai son dutse da teku a hoto guda sai ya tsallaka iyaka. A Gana, tsofaffin gidajen tsaron Cape Coast da Elmina a kan duwatsun bakin teku suke zaune. A Dakar ta Senegal akwai tuddan Mamel guda biyu da gangarensu ya faɗa cikin Tekun Atlantika. Duka ƙasashen biyu ba sa neman biza ga mai fasfo ɗin Najeriya.

Tsauni zalla kuwa, gida bai ƙoshi ba balle a kai dawa: ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Kajuru, ga tsaunukan Kagoro, ga Dutsen Zuma a Madalla kan hanyar Abuja, wanda ya ɗaga kusan mita 300 sama da ƙasar da ke kewaye da shi.

Gargaɗi: kafin ka nufi Kajuru ko kudancin jihar, ka tambayi mutanen yankin halin tsaro a wannan makon, ba labarin watan jiya ba. In aka ce a dakata, a dakata. Dutse ba ya gudu.

2. Haɗa kayan aiki, ka san inda kuɗi ya cancanci zuwa

Tsohuwar kyamara ta hannu irin Canon 700D ko Nikon D5300 da gilashinta na 18-55mm ta wadatar. In za ka sayi ta hannu, a Kaduna ne ko a Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka, sannan ka haska gilashin da tocilan ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki. In akwai, fumfuna ce ta kama shi, ka ajiye musu kayansu.

Farashi na bin dala, don haka ka tambaya a makon da za ka saya. Amma ga yadda ya kamata kuɗin ya bi layi. Na farko ƙafar kyamara mai ƙafa uku, wadda 'yan sana'a ke kira tirafod. Nan ne mutane suka fi yin arha su yi nadama. Siririyar nan ta roba da ake sayarwa tare da fitilar masu bidiyon waya ba ta jure iskar teku. Ka nemi ta ƙarfen alminiyom mai kauri, wadda in ka miƙe ta ka murɗa kanta da hannu ba za ta yi lilo ba. Na biyu filta, wato ɗan faifan gilashin da ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara, mai kashe ƙyalli, mai alamar CPL. Na uku filta mai rage haske, mai alamar ND64, in da hali a ƙara ND1000. Bayan waɗannan ne ake maganar sabon gilashi, mai faɗi na 10-18mm ko mai jawo nesa na 55-250mm ko 70-300mm.

Kafin sayen filta, duba lambar da ke gaban gilashinka kusa da alamar ø. Na Canon 18-55 yawanci 58 ne, na Nikon 52 ko 55 gwargwadon samfurinsa. Dabarar tsimi ita ce a sayi filta babba guda, misali mai 77, sai a sayi zoben da ke haɗa ta da ƙananan gilasai. Zoben ba ya kai rabin rabin kuɗin filta.

Ƙananan kayan da ake mantawa: batir biyu, katin memori biyu, ƙyallen goge gilashi aƙalla uku, ɗan famfon hura iska, babbar ledar shara don lulluɓe jaka, tocilan na goshi, gorar ruwan sha ɗaya taka ɗaya ta wanke kaya, da takalmi mai ƙasan roba mai kama ƙasa. Silifas da takalmin fata na zuwa masallacin Juma'a a bar su a masauki.

A lissafin tafiya ka ware kuɗin shiga, domin mafi yawan wuraren shaƙatawa na bakin tekun Legas ana biya, wasu kuma suna karɓar kuɗi daban in sun ga babbar kyamara da tirafod. Ka ware na jirgin ruwa zuwa da dawowa, da na ɗan jagora.

3. Tsayar da lokaci: wata, sa'a, da motsin teku

Wannan mataki ya fi duk sauran nauyi, kuma ba ya cin ko sisi.

A shekara, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, sama garau take da 'yan gajimare. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na shafe komai, dutse ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, sama ta rasa launi. Ba a ce kada a fita ba, domin a hazo ne rana ke zama jan faifai da za a iya ɗauka da gilashi mai jawo nesa, kuma tsaunukan da ke jere suna fitowa hawa-hawa, na kusa baƙi, na nesa toka-toka. Amma wannan wani salo ne daban. A damina kuwa, sa'a ɗaya bayan an ɗauke ruwa ita ce zinariya: iska ta wanku, dutse ya jiƙe ya yi duhu, launinsa ya fito.

A yini, taga biyu ce kawai. Ta farko daga bayan sallar asuba zuwa kamar minti arba'in bayan fitowar rana. Ta biyu daga la'asar sakaliya zuwa minti ashirin bayan faɗuwarta. Da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana a nan tsaye take fitowa tsaye take faɗawa, ba ta jan ƙafa kamar a Turai. Wanda ya iso yana kwance jaka a lokacin da sama ta fara ja, ya riga ya makara. A Legas rana na fitowa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00, tana faɗuwa wajen 6:25 zuwa 7:05 na yamma, gwargwadon wata. Launi mafi kyau yakan zo daidai da shigar magariba, saboda haka ka zo da alwala da 'yar darduma, ka kuma zaɓi inda za ka yi salla can nesa da inda ruwa ke kaiwa.

Sai alƙibla. Gaɓar Legas kudu take kallo. In ka fuskanci teku, gabas na hagunka, yamma na damanka. Ke nan rana ba ta faɗawa tsakiyar ruwa a gabanka yadda ake gani a hotunan ƙasashen waje. Wajen Nuwamba zuwa Janairu tana karkata kudu, sai ta fito ta kuma faɗi ta ɓangaren ruwa. Wajen Yuni da Yuli tana karkata arewa, ta ɓace a bayan gine-gine. Dakar kuwa tana da gaɓar da ke kallon yamma sosai.

Yanzu ga abin da ɗan Kaduna bai saba da shi ba. Kogi damina ke cika shi, rani ya janye shi. Teku kuwa sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kowace rana. Tsakanin cikowa da janyewa sa'a shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jansa, shi ya sa lissafin watan Musulunci ke da amfani a nan: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar cikowar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Rubuta sunan garin da za ka a intanet tare da neman jadawalin cikowar teku, za ka samu sa'o'in kowace rana.

Abin nema shi ne ranar da fitowar rana ko faɗuwarta ta zo sa'a ɗaya zuwa biyu bayan cikar teku. A lokacin ruwa na ja da baya, ya bar rairayi jiƙaƙƙe, sumul, ba sawun kowa, yana ɗaukar launin sama kamar madubi.

Gargaɗi: bambancin cikowa da janyewa a Legas kamar mita ɗaya ne, amma mita ɗaya ya isa ya shafe hanyar da ka bi ka hau dutse. In ruwa na cikowa ne, kada ka hau dutsen da sai an tsallaka rairayi ake isa gare shi. Ɗalibanmu da ke Ingila da Faransa su ninka wannan gargaɗi, domin a can akwai wuraren da bambancin ke haura mita goma.

4. Yi gwaji a gida tukuna

Kada bakin teku ya zama ajinka na farko. A rani, lokacin da duwatsun tsakiyar Kogin Kaduna suka fito ta wajen Gamji, je ka koyi ɗaukar ruwa mai gudu a hankali. Magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan da ta Gurara a jihar Neja za su koya maka yaƙi da feshin ruwa a gilashi. Kufena zai koya maka hasken gefe. Fita uku ko huɗu sun isa hannunka ya san maɓallai ko a duhu.

5. Isa da wuri, gai da mutane, leƙa wurin

Ka isa da sa'a ɗaya da rabi kafin hasken da kake jira. In da asuba za ka ɗauka, to ka leƙa wurin tun jiya da rana.

A ƙauye, fara da gidan mai unguwa ko dagaci. "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kaduna, hoton dutse muka zo ɗauka, muna neman izini da yaron da zai raka mu." Wannan jimla ta fi kowace takarda aiki. Wasu duwatsun na da wuraren da mutanen gari ba sa son baƙo ya taka, kuma ɗan rakiya ya san kogon da zuma ta yi gida. A bakin teku ka gai da masunta kafin ka ɗaga kyamara, kuma kada ka ɗauki fuskar kowa sai ya yarda, balle mata da yara.

Sannan ka ajiye jaka a tudu, ka tsaya minti goma cur kana kallon ruwa, ba ka ɗaukar komai. Za ka lura igiyoyi ba ɗaya suke ba: ƙanana su zo a jere, can sai manya biyu ko uku su biyo baya su wuce inda sauran suka tsaya. Duba iyakar jiƙar rairayi da inda ruwa ya tara tarkace. Nan ne iyakarsa ta gaskiya, ba inda ka gan shi yanzu ba.

Gargaɗi: kada ka saita kyamara ga jiragen sojan ruwa, bututun mai ko shingen jami'an tsaro. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Tashinsa ba izini na iya jawo a ƙwace shi, a kuma tsare mai shi.

6. Kafa tirafod

A rairayi, fara zaro sassan ƙafa na ƙasa gaba ɗaya, don makullan su kasance sama da ruwa da yashi. Danna kowace ƙafa da ƙarfi har ta daina nutsewa. Bari igiya ɗaya ta wanke ƙafafun, za ka ji sun ƙara zama, sannan ka daidaita kan. Wasu na ɗora ƙafafun a kan tsofaffin faifan CD don kada su nutse, kuma yana aiki a rairayi mai laushi. Kada ka ɗaga sandar tsakiya, ita ce uwar girgiza. In akwai iska, rataya jaka a ƙugiyar ƙasa amma ta taɓa ƙasa, in ba haka ba ita ma lilo za ta yi. Cire igiyar wuyan kyamara ko ka naɗe ta, domin iska na kaɗa ta ta girgiza hoton.

Gargaɗi: a kan tsauni ka bar aƙalla taku uku tsakaninka da baki. Kada ka ja da baya idonka na cikin kyamara. Sauke ta, dubi ƙasa, sannan ka taka. Babbar riga da dogon hijabi na kama iska kamar tanti, a ɗaure su ko a sa kaya masu kama jiki. Dutsen da ya yi kore ko baƙi-ƙirin a bakin ruwa gansakuka ce a kansa, ta fi sabulu santsi. Da ka ji cida kana kan falalen dutse, sauka nan take, tirafod ƙarfe ne.

7. Tsara abin da zai shiga hoton

Kuskure mafi yawa a hoton tsauni shi ne zuwa gindinsa a ɗaga kyamara sama. Sai ya fito kamar yana kifewa baya, ya kuma ƙanƙance. Yi akasin haka: ja da baya sosai, ko da rabin kilomita ne, ka jawo shi da 100mm ko 200mm. Sai ya cika hoton ya danne duk abin da ke gabansa. Shi ya sa hotunan Zuma mafi kwarjini daga nesa ake ɗaukarsu, da gidaje ko motoci 'yan mitsi-mitsi a ƙasansa. Sai dai a nemi inda za a sauka daga titi gaba ɗaya, kada a tsaya a kafaɗar babbar hanya.

Dutse na bukatar ma'auni. Sa mutum guda ya tsaya a inda babu haɗari, ko ka jira makiyayi da shanunsa, ko ka haɗa da bishiyar kuka ko giginya. Jar riga ko ruwan ɗorawa ta fi farar shadda, wadda ke ƙonewa a hoto in rana ta doke ta.

Haske kuma ya zo daga gefe. Dubi Kufena da tsakar rana: fuska guda ce toka-toka, ba tsagi ba tudu. Koma wurin da ƙarfe biyar da rabi na yamma ka tsaya yadda rana za ta kasance a kafaɗarka. Kowane tsagi ya samu inuwarsa, kowane ƙulli ya fito, jikin dutsen ya yi ja kamar tukunyar da aka fitar daga wuta. Dutsen bai canja ba, inuwa ce ta zana shi.

A bakin teku, sauke kyamara zuwa tsayin gwiwa, ka nemi abu guda a gaba, taku ɗaya ko biyu daga gilashi: dutse, igiyar kwalekwale, kututturen kwakwa. Layin da sama ta haɗu da ruwa kada ya raba hoton biyu daidai. In sama na da gajimare masu kyau, ba ta kashi biyu cikin uku. In fayau take, bar mata kashi ɗaya. Kunna layukan saiti ko ma'aunin daidaito na kyamara, domin ko ɗan karkacewa kaɗan ido na kama shi a teku.

8. Saita kyamara

Juya zuwa M, inda kai ne ke saita komai da hannunka. Zaɓi RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ya fi karɓar gyara. ISO, wato ƙarfin kama haske, 100. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11. Kada ka kai f/22 da sunan neman kaifi, a can hoto laushi yake yi, kuma duk ƙurar hunturun da ta shiga kyamara za ta fito ɗigo-ɗigo a sama. Kashe maganin girgiza na gilashi, mai alamar IS ko VR, muddin kyamara na kan tirafod. Sa jinkirin daƙiƙa 2 don hannunka ya bar ta kafin ta ɗauka.

Saita kaifi a kan abin da ke kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin hoton, sannan ka mayar da maɓallin gilashi zuwa MF, wato saita kaifi da hannu, don kada igiyar ruwa ta ruɗe shi. Ɗauki ɗaya, ka faɗaɗa shi a allo, ka duba gaba da baya.

Kada ka yarda da hasken allo, a duhu ƙarya yake yi. Duba jadawalin haske, wato histogiram. In tudunsa ya manne da bangon dama, kumfa da gajimare sun ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya gyaruwa. Rage haske har ya saki bangon. In sama ta yi haske ƙwarai dutse kuma ya yi duhu, ɗauki uku ba tare da motsa kyamara ba: ɗaya a 0 na ma'aunin haske, ɗaya a -2, ɗaya a +2, a haɗa su daga baya.

9. Kama igiyar ruwa

Saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, shi ke yanke yadda ruwa zai fito. A 1/1000 na daƙiƙa ruwan da ya daki dutse zai tsaya cak a sama, ɗigo-ɗigo. A nan sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800. Tsakanin 1/4 da daƙiƙa 1 ruwa na zama zare-zare amma da sauran siffarsa. A daƙiƙa 20 zuwa 30 teku na kwantawa kamar hayaƙi. Mutane sun fi ɗokin na ƙarshen, amma na tsakiyar ya fi rai, shi ya kamata a fara ƙwarewa a kai.

Ga yadda ake yi. Sa shota a rabin daƙiƙa. A nan jinkirin daƙiƙa 2 zai sa ka rasa lokaci, don haka yi amfani da rimot ko manhajar kyamara a waya. Igiya ta taso ta fashe, farar kumfa ta shimfiɗo ta wuce dutsen da ke gabanka, ta zagaye ƙafafun tirafod. Kada ka danna. Akwai ɗan lokaci, bai kai ƙiftawa biyu ba, da ruwan ke tsayawa kamar yana tunani. Da ya juya ya fara sulalewa baya, kumfar ta rabu gida-gida tana zagaye dutsen, kana jin yashi na zarewa a ƙarƙashin tafinka, to nan ne. Wannan komawar ce ke zana fararen layukan da ke jan ido zuwa cikin teku. Igiya mai shigowa tarin fari kawai take bayarwa.

Ɗauki ashirin, talatin. Ɗaya ko biyu ne za su yi. Bayan kowace igiya uku dubi gaban gilashi. In hotuna suka fara yin dishi-dishi, feshin gishiri ne. In dutsen da ba ya motsi ya fito biyu-biyu, tirafod ne ya nutse ana cikin ɗauka, sake danna shi.

Gargaɗi: kada ka juya wa teku baya, ko don ɗauko abu a jaka. Kada ruwa ya wuce ƙaurinka. Tekun Legas na da jan ruwa mai ƙarfi da ke komawa ciki, sau da yawa a daidai inda ya fi kama da kwanciya, kuma iya iyo a kogi ba ya maganinsa. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi kai-tsaye. Ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. In babbar igiya ta taho, ɗaga tirafod da kyamarar gaba ɗaya ka haura. Kuma kada ka je kai kaɗai.

10. Filta

Kafin fitowar rana ba ka bukatar mai rage haske, f/11 da ISO 100 kan ba da rabin daƙiƙa zuwa biyu da kansu. Da rana ta ɗaga sai ND64: in kyamara na ba ka 1/125 ba filta, da ita zai koma rabin daƙiƙa. ND1000 kuwa na mayar da 1/125 daƙiƙa 8, 1/60 kusan 16, 1/30 kusan 30. Tsarin shi ne ka gama tsarawa da saita kaifi tukuna, ka koma MF, ka riƙe lambar shota, sannan ka ɗaura filtar a hankali, domin da ta hau kyamara ba ta ganin komai. Rufe ramin leƙawa na baya da ƙyalle, in ba haka ba haske na shiga ta nan ya bar shunayyar tabo a tsakiya.

CPL juya ta ake yi ana kallo har ƙyallin jiƙaƙƙen dutse ya mutu. Ta fi aiki in rana na gefenka. A gilashi mai faɗi sosai tana sa rabin sama ya fi rabi duhu, sai a sassauta. In kana son madubin rairayi, cire ta, domin shi ma kashe shi za ta yi.

11. In waya ce a hannunka

Duk matakan lokaci, tsayuwa da tsarawa suna nan daram. Goge gilashin, kunna layukan saiti, taɓa sama a allo ka ja hasken ƙasa kaɗan. Yi amfani da 1x ko 2x na ainihi, kada ka ja da yatsu. Wayoyin Samsung, Tecno da Infinix masu yanayin Pro na barin ka sa ISO mafi ƙanƙanta da shota a hankali, amma sai da mariƙin waya a kan tirafod kuma kafin rana ta fito. A iPhone, ɗauki hoto da Live a kunne, sannan a cikin hotuna ka zaɓi Long Exposure.

12. Tsaftace kaya a ranar

Gishiri ba ya jiran gobe. Fara hure gilashi da famfo, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta karce shi har abada. Sannan ɗan jiƙa ƙyalle da ruwa mai kyau ka ɗauke gishirin, ka bi da busasshe. Busasshen ƙyalle shi kaɗai shafa gishirin yake yi kamar man shanu. Goge jikin kyamara da ɗanyen tawul da aka matse sosai. Zare ƙafafun tirafod duka ka wanke da ruwan famfo, ka bar su a miƙe su bushe. Kada ka canja gilashi a bakin ruwa, koma mota.

Gargaɗi: kyamarar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da ta fito cikin laimar Legas gilashinta zai yi gumi ciki da waje. Bar ta a rufe cikin jaka minti 20 zuwa 30 bayan fitowa, ka sa wannan cikin lissafin asubarka.

13. Gyara da turawa

Kwafe hotunan wuri biyu kafin ka goge kati. A manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Snapseed, fara miƙe layin teku. Rage hasken wurare masu haske, ɗaga inuwa kaɗan, share ɗigon ƙura a sama. Maganin hazo da ƙarin launi a taɓa su da tsoro. Tekun Legas kore-kore ne mai ɗan toka, wanda ya mayar da shi shuɗi kamar bula duk wanda ya san wurin zai gane.

Don Instagram, yanke a tsaye fiksel 1080 da 1350. A WhatsApp tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba, in ba haka ba zai matse shi layukan kumfar su dagule. Don bugawa a inci 12 da 18 ana son kusan fiksel 3600 da 5400, wanda kyamara mai megafiksel 24 ke bayarwa in ba a yanke da yawa ba. Takarda ta fi allo duhu, saboda haka ƙara haske kaɗan, ka sa a fara buga maka ƙarami na 5 da 7 ka duba inuwar dutsen a hasken rana kafin ka biya kuɗin babban.